Bucatini, Taliya Mai Huda a Tsakiya: Yadda Ake Karanta Sunanta da Yadda Ake Dafa Ta

Ranar da na fara dafa bucatini ban san ita nake dafawa ba. Na ɗauko ledar a wani babban kanti bisa zaton sufageti ce mai ɗan kauri. Da na zo gida na kakkarya ta gida uku kamar yadda muka saba, na bar ta a wuta har ta yi luguf, na tace, na ɗauraye da ruwan sanyi, na zuba miya a kai. Kafin a kai loma ta uku ruwa ya kwanta a gindin faranti, miyar ta tsinke, ɗanɗanonta ya gudu. Sai da na ɗaga sili guda na duba bakinsa sannan na ga 'yar ƙofa, siririya kamar wadda allura ta huda, ta ratsa shi daga wannan kai zuwa wancan. Ashe ruwan ɗaurayar ne ya shige ciki ya ɓuya, ya jira sai da aka zuba a faranti sannan ya fito.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne, duk wannan a rubuce yake a jikin ledar da manyan baƙaƙe. Mutanen Italiya ba sa raɗa wa taliya suna don ado. Sunan yana faɗin siffarta da girmanta, siffar kuma ita ke faɗin irin miyar da za ta karɓa da yadda za a dafa ta. Saboda haka matakin farko a wannan girki ba a kan murhu yake ba.

Mataki na farko: ki warware sunan

A harshen Italiya buco na nufin rami ko ƙofa, bucato kuma abin da aka huda, wato hudajje. Wutsiyar nan ta -ini da ke ƙarshe tana ƙanƙantar da abu tare da nuna jam'i, aikin da "'yan" ke yi mana a Hausa. Idan aka haɗa, bucatini na nufin 'yan hudaddu. Sili ɗaya sunansa bucatino, sai dai da wuya ki ji wani ya faɗa, tunda ba a cin sili ɗaya.

Wajen furtawa akwai tarko ga mai karatun boko na Hausa. Mu harafin c a wurinmu na "ciki" ne da "cokali", don haka baki zai so ya ce bu-ca-ti-ni. Ba haka ba ne. A wurinsu idan c ya zo kafin a, o ko u, sautin k yake bayarwa: bu-ka-TI-ni, a ɗan danna gaɓa ta uku. Sai ya zo kafin e ko i ne yake zama irin namu. Idan kuma suka rubuta ch, shi ma k ne, shi ya sa maccheroni ake kiran sa makkeroni, wanda ya iso mu a matsayin makaroni.

A birnin Nafoli da kudancin ƙasar za ki ga irin wannan taliyar da sunan perciatelli, ana furta shi per-ca-TEL-li. Shi ma daga kalmar yankin ce mai nufin abin da aka huda. Wasu kamfanonin suna yin perciatelli ya ɗan ɗara kauri, amma a tukunya aikinsu ɗaya, duk wanda kika samu ki ɗauka.

Da zarar kin gane wannan wutsiyar, rabin shagon taliya ya buɗe miki. Kishiyar -ini ita ce -oni, mai nuna ƙaton abu. Canna kara ne mai rami a ciki, sai cannelloni ya zama manyan karare, waɗanda ake cusa wa nama ko ganye a gasa. Riga layi ne ko zane, sai rigatoni ya zama manyan bututu masu zane-zane a jiki. Duk ledar da kika ga an rubuta rigate, taliyar na da wannan zanen da ke kama miya, idan kuma lisce ne to sumul take. Ditale shi ne ɗan ƙarfen da tela ke sa wa a yatsa, ditalini kuwa su ne gajerun nan ƙanana da ake jefawa cikin romo ko wake. Penne alƙaluma ne, saboda an yanke bakinsu a karkace kamar yadda malami ke fiƙe alƙalamin kara. A nan ki kula, ki danna n ɗin nan biyu sosai kamar yadda muke yi a "hannu", don idan aka sassauta ya koma guda ɗaya, kalmar ta zama wata da ba a faɗa a gaban surukai. Ita kanta sufageti daga spago ta fito, wato igiya siririya.

Akwai kuma ziti, dogayen bututu masu faɗi fiye da bucatini. A bakin mutanen Nafoli zita amarya ce, taliyar biki ce ke nan. Na kawo ta ne don ita, duk da doguwa ce, al'ada ta ce a kakkarya ta da hannu kafin a dafa. Bucatini ba a karya ta.

Mataki na biyu: ki san amfanin hudar

Kaurin bucatini ya kai wajen milimita 3, tsawonta kamar na sufageti. Da a ce curarriya ce babu rami, kafin cikinta ya nuna bayanta ya riga ya narke. Hudar ce ke barin tafasasshen ruwa ya shiga, sai ta dahu ta ciki da waje lokaci guda. Abin da ake samu shi ne taliya mai cika baki, mai ɗan tauri a haƙori, amma ba nauyi.

Za ki ji ana cewa miya na cika ramin taf. Ni dai ban taɓa ganin haka ba. Ƙofar ta yi ƙanƙanta, miya mai kauri ba ta wuce bakinta. Abin da ke shiga shi ne ruwa-ruwan miya, wato man da ya narke da ruwan tumatir, shi ma sai an ƙarasa dahuwar taliyar a cikin miyar tana zafi. Wannan shi ne sirrin girkin gaba ɗaya: ramin zai cika da wani abu ko kin so ko ba ki so ba, ke ce za ki zaɓa ko ruwan famfo ne ko romon miya.

Injin murza taliya da muke da shi a gida ba zai yi ta ba, domin shi yanka kwaɓi yake yi. A masana'anta tura kwaɓin ake yi da ƙarfi ta cikin wani faifan ƙarfe mai ƙofofi, kowace ƙofa da ɗan tsinke a tsakiyarta, shi ke barin ramin. Kafin zuwan inji, matan kudancin Italiya kan naɗe ɗan kwaɓi a jikin siririn ƙarfe ko kara, su murza a kan katako, su zare. Har yau ana yin wasu taliyoyin haka a ƙauyukan Kalabiriya da Sisiliya.

Mataki na uku: a kanti

Ki juya ledar ki nemi kalmomin semola di grano duro, wato tsakin alkama mai tauri. Tun 1967 dokar Italiya ta wajabta cewa busasshiyar taliyar da ake yi a ƙasar don sayarwa a cikinta da wannan alkamar za a yi ta, ita ce ba ta saurin caɓewa. Idan kin ga trafilata al bronzo, an tura ta ne ta faifan tagulla, jikinta zai yi ɗan kaushi da fari-fari kamar an barbaɗa gari. Ita na fi so, don miya na manne mata. Mai sheƙi sumul ɗin nan ma tana dahuwa lafiya, sai dai miya na zame mata.

Lambar da ke gaban suna kada ta ruɗe ki, kowane kamfani da nasa lissafin. Sufagetin Barilla lamba 5 ce, ta De Cecco lamba 12, alhali kusan kaurinsu ɗaya. Lambar da za ki riƙe ita ce ta mintunan dahuwa.

Mataki na huɗu: miyar da aka san ta da ita

Ko'ina aka ambaci bucatini a birnin Rum, kalmar da ke biyo baya ita ce amatriciana, ana furta ta a-ma-tri-CA-na, da c irin namu. Sunan daga Amatrice ne, wani ƙaramin gari a cikin duwatsun yankin Laziyo, wanda girgizar ƙasar 24 ga Agusta 2016 ta rusa mafi yawansa, mutane kusan 300 suka rasu a yankin. Mutanen garin da sufageti suke cin miyarsu, mutanen Rum ne suka aurar da ita ga bucatini. A 2020 Tarayyar Turai ta yi wa miyar rajista a cikin abincin gargajiya masu kariya.

Dole in faɗa a fili: asalin wannan miya da guanciale ake yin ta, wato kumatun alade da aka sa wa gishiri aka shanya, kuma da yawa suna zuba farar giya bayan suya. Duk Musulmin da ya je Italiya ya ga all'amatriciana a takardar abinci, ya san abin da ke ciki ke nan, haka ma miyoyin taliyar da ake kira gricia da carbonara. Yahudawan Rum, da su ma ba sa cin alade, da busasshen naman sa suke maye gurbinsa. Ni kuwa bayan na gwada ƙirji da kitsen rago, na tsaya a kan tozo, domin shi ne naman da kitse ya ratsa shi sosai yadda zai narke ya bar 'yan gutsattsari masu ƙaras-ƙaras. Wannan ba amatriciana ba ce a idon mutumin Amatrice, kuma bai kamata a kira ta haka ba, amma tsarin nasu ne.

Na mutum huɗu za ki nemi bucatini giram 400, tozo giram 150, tumatir nunannu jajir guda shida matsakaita ko gwangwani ɗaya na ɓararren tumatir mai giram 400, busasshen barkono ɗaya, man zaitun cokali biyu, masoro, gishiri, da cuku mai tauri kamar giram 70. Cukun nasu shi ne pecorino, daga pecora wato tunkiya, da nonon tumaki ake yin sa, yana da gishiri da ƙarfi a hanci. Idan bai samu ba, kowane busasshen cuku da ake gogawa zai yi. Mai laushin nan da ake shafa wa burodi ba zai yi ba.

Babu albasa, babu tafarnuwa, babu tattasai, babu dunƙulen magi. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi. Ki daure ki yi ta haka ko sau ɗaya ne, don ki ji abin da tumatir da kitse da cuku ke iya yi su kaɗai. A Rum ma wasu na sa albasa, kuma rigimar da ake yi a kan haka ba ta ƙare ba har yau.

Tun daren jiya ki yanka tozon siri-siri, tsawon gaɓar yatsa, ki murza masa gishiri rabin ƙaramin cokali da masoro, ki baza a faranti ki sa a firji ba tare da rufewa ba. Zuwa safe zai tsane ya ɗan ƙafe, shi ne zai sa ya soyu maimakon ya dahu a ruwansa.

Ki zuba shi a kasko mai faɗi tun kaskon na sanyi, da cokali ɗaya na man zaitun, sannan ki kunna wuta ƙasa-ƙasa. Kada ki yi gaggawa a nan. Minti 12 zuwa 15 zai ɗauka, kitsen ya fara zama garai-garai kamar gilashi, sannan ya yi ja, naman ya ƙanƙance. Ki tsame naman ki ajiye gefe. Kitsen sa yana saurin daskarewa ya kama dasashi idan abinci ya huce, don haka ki rage shi ya saura kamar cokali biyu a kaskon, ki ƙara ɗaya cokalin man zaitun. Ki karya barkonon ki jefa, ya yi rabin minti.

Tumatir ɗanye kuwa, ki tsaga bayansa kaɗan, ki tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya, ki ɓare fatar, ki matse 'ya'yan, ki dagargaza da hannu. Ba a kai shi inji, ana so a riƙa cin karo da gutsurensa. Ki juye a kaskon, ki ƙara wuta kaɗan, ki bar shi minti 15 a buɗe har tsamin ya tafi mai ya taso. Kada ki bari ya ƙafe kamar miyar da za a ci da shinkafa, ki bar shi da ɗan ruwa-ruwansa. Gishiri kaɗan, don naman da cukun duk suna ɗauke da nasu.

Mataki na biyar: tukunyar taliya

Ƙa'idar da suke koya wa yara ita ce lita 1 ta ruwa da giram 10 na gishiri ga kowane giram 100 na taliya. Namu ke nan lita 4, gishirin kuma ki tsaya a giram 30, kamar babban cokali biyu a shafe, saboda cukun. Tukunya mai zurfi za ki ɗora. Sai ruwan ya tafasa yana tsalle sannan ki sa gishiri, ki tsayar da taliyar a ciki yadda take. Rabinta zai leƙo waje, ba komai, cikin minti ɗaya ƙasan zai yi laushi ki tura sauran da ludayi. Ta fi sufageti taurin kai wajen lanƙwasa, ki ba ta lokacinta kada ki danna ta karye. Ki juya sau biyu ko uku a mintunan farko don kada ta manne. Ba a zuba mai a ruwan, domin shi ke hana miya kama jikinta daga baya.

Yawancin ledoji na cewa minti 9 zuwa 11. Duk abin da taki ta ce, ki cire minti biyu. Idan lokacin ya yi ki ciro sili guda ki gatsa, ki dubi bakin: za ki ga zobe, da ɗan farin layi siriri a tsakiyar naman zoben. Wannan farin shi ne inda bai gama nuna ba, kuma daidai lokacin fitarwa ke nan. Abin da suke nufi da al dente, wato "ga haƙori", shi ne haƙori ya ji ya gatsa wani abu.

Kafin ki tace, ki ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar ki ajiye. Ki juye a matsami, ki girgiza shi sosai, ki ɗaga ki sake girgizawa, don ruwan da ke cikin ramukan ya zubo. Kada ruwan sanyi ya taɓa ta, kada kuma ta zauna jiran miya. Miyar ce ke jiran ta.

Mataki na shida: haɗuwa a kasko

Nan take ki juye ta cikin kaskon miya a kan wuta mai ƙarfi, ki zuba rabin ludayi na ruwan da kika ajiye. Ki riƙa ɗagawa kina juyawa da cokula biyu, minti biyu cur. Ki sa ido a gindin kaskon: da farko miyar za ta yi kamar ta yi ruwa, sai ki ga tana raguwa, tana yin yauƙi kaɗan saboda sitacin da ke fita daga taliyar, launin silin na komawa ja daga fari. Shan miyar take yi. Idan ta bushe kafin minti biyun su cika, ki ƙara ruwan kaɗan-kaɗan.

Ki kashe wuta, ki mayar da soyayyen naman, ki barbaɗa rabin cukun ki juya da sauri. A kan wuta cuku dunƙulewa yake yi ya zama kamar danƙo, shi ya sa sai an sauke. Sauran cukun a kai tebur kowa ya ƙara. A ci nan take, cikin faranti mai ɗumi in da hali.

Idan ba kya son nama

Tsibirin Sisiliya na da nasa girkin bucatini wanda babu abin da za a canza a cikinsa don ya halatta, pasta con le sarde, taliya da kifin sardin, abin alfaharin birnin Falermo. Ana dafa ganyen shamar na daji, wani tsiro mai ƙamshi da Turawa ke kira fennel, a ruwa, a tsame a yayyanka, a ajiye koren ruwan don a dafa taliyar a cikinsa. A nan hudar ke nuna amfaninta ƙarara, tunda ƙamshin ganyen har ciki yake shiga. A soya albasa a man zaitun, a narkar da 'yan ƙananan kifin gishiri a ciki, a zuba ganyen, da zabibi da aka jiƙa, da pinoli, wato ƙwayar 'ya'yan itacen pine, da za'afaran, sannan ɗanyen sardin da aka cire wa ƙaya. A sama kuma ba cuku ake barbaɗawa ba, garin busasshen burodi ne da aka soya ya yi ja.

Mutanen tsibirin na danganta wannan haɗin zaƙi da gishiri da zamanin da Musulmi suka mulke su. Rundunar da ta sauka a garin Mazara na tsibirin a shekarar 827 daga Tunisiya, Asad bin Furat ne ya jagorance ta, alƙalin Ƙairawan wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina. A 1154 kuma masanin ƙasa Al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Trabia, kusa da Falermo, ana yin wani abincin gari mai kama da zare da ake kira itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista.

A gida ina yin ta da sardin na gwangwani guda biyu, in tsiyaye mansu, in sa su a minti uku na ƙarshe don kada su narke. Maimakon ganyen daji ina daka ƙaramin cokali ɗaya na 'ya'yan shamar, rabi a ruwan taliya rabi a miya, yazawa da aka farfasa kuma ta tsaya a gurbin pinoli. Ita wannan ba ta son a ci ta da tururi, ta fi daɗi idan ta huta minti biyar.

Wajen ci

Bucatini ba ta naɗuwa lumui a cokali mai yatsu kamar sufageti, wutsiyarta kan fizge ta watsa miya. Mutanen Rum sun san halinta, ba abin mamaki ba ne ki ga dattijo ya soke adiko a wuyan riga kafin ya fara. Ki kama sili biyu ko uku kawai daga gefen faranti, ki kafa bakin cokalin a jikin farantin ki murza a hankali har su naɗe, ki sunkuya kaɗan. Zuƙa ba ta aiki a nan, iska ce kawai za ta biyo ta ramin. Yara ƙanana a yanka musu a faranti bayan an gama haɗawa, ba a tukunya ba.

Abin da ya ragu kada ki ɗumama shi da ruwa. Ki fasa ƙwai uku a kan kwano ɗaya na ragowar, ki ƙara ɗan cuku da masoro, ki juye a kasko mai ɗan mai, ki danna da bayan ludayi. Wuta ƙasa-ƙasa minti shida, ki kifa a faranti ki mayar ɗaya gefen ya yi minti huɗu. A Nafoli frittata di pasta suke kiran ta, suna yanka ta kamar kek su ƙunshe a takarda su tafi da ita bakin teku. Idan kin yanka za ki ga fuskar yankan cike da 'yan ƙananan zobba, kowanne da ɗigon ja a tsakiyarsa.